Tsohuwar motar gudu: me zan duba kafin in biya kuɗi?

"Malam, barka da aiki. Tun ina yaro nake sha'awar tsofaffin motocin gudu masu kujera biyu, yanzu kuma Allah ya hore mini abin saye. Na samu MGB ƙirar 1971 mai buɗaɗɗen sama, ja, fentinta sabo ne yana ƙyalli. Mai ita ya ce bara aka sauke injin aka gyara shi gaba ɗaya, mitarta kuma mil 48,000 kawai take nunawa. Hotuna kaɗai na gani, shi kuma yana cewa in tura kafin alƙalami don akwai masu nema. Ban san kan tsofaffin motoci ba. Me zan duba, kuma yaya zan gane ko ta cancanci saye?"

Ɗan'uwa, barka kadai, Allah ya sanya albarka a abin da ya hore. Idan na fahimce ka, abin da kake son sani shi ne yadda mutumin da ba makanike ba zai bambance mota mai lafiya da wadda aka yi wa kwalliya don sayarwa, kuma ko ya dace ka tura kuɗi kan abin da ba ka gani ba. Na biyun amsarsa gajeriya ce: kada ka tura. Ba a cinikin biri a sama. An ƙera MGB sama da 500,000 tsakanin 1962 da 1980 a Abingdon da ke Ingila, har yau tana cikin motocin wannan aji da suka fi yawa a kasuwa, saboda haka in wannan ta wuce ka wata za ta fito. Na farkon kuwa yana son zama.

Abubuwa uku da aka tallata maka, wato sabon fenti da gyararren inji da ƙarancin tafiya, su ne suka fi jan hankalin sabon mai saye, kuma su ne mafi ƙarancin nauyi a ma'aunina. A motar da ta haura shekara hamsin, bodi kake saye. Inji komai lalacewarsa makanike zai iya yi maka lissafin gyaransa tun kafin ya kwance noti ɗaya, domin an san adadin fistin da bawul da boris da ke ciki. Tsatsa ba ta da irin wannan lissafin. Sai an yanka ƙarfe ake sanin inda ta tsaya, kuma kusan kullum ta wuce inda aka zata.

Dalilin da ya sa tsatsa ce kan gaba

Motocin wancan zamani ba a yi musu kariyar da ake yi wa na yanzu ba. Cikin lungunan bodi yawanci ƙarfe ne tsirara ko mai ɗan fenti shafal-shafal, ruwa da laka su shiga su kwanta, su ci ƙarfen daga ciki zuwa waje. Shi ya sa idan ka ga ƙuraje sun taso a ƙarƙashin fenti, ba farkon tsatsa kake gani ba, ta riga ta huda ƙarfen ta iso waje. Ko Porsche sai a ƙirar 1976 ta fara lulluɓe bodin 911 gaba ɗaya da tutiya don hana tsatsa, waɗanda suka gabace ta suna ruɓewa kamar kowace mota.

Ƙirar mota iri biyu ce a nan, kuma ya kamata ka san wadda kake gabanta. Akwai masu shasi daban, bodi a ɗore a kai, kamar Triumph TR6 da Spitfire. Akwai kuma waɗanda bodin ne kansa yake ɗaukar nauyi, babu wani shasi a ƙasa, kamar MGB da Datsun 240Z da Porsche 911. Taka tana cikin na biyun, ga shi kuma ba ta da rufin ƙarfe da zai riƙe gabanta da bayanta. Abin da ke hana ta lanƙwashewa a tsakiya shi ne dogon akwatin ƙarfen nan da ke ƙarƙashin kowace ƙofa, wanda kake tsallakewa idan za ka shiga. A MGB wannan dokin ƙofa ba falle ɗaya ba ne: akwai na waje da ido ke gani, akwai wani falle a tsaye a tsakiya, akwai na ciki, sannan akwai wani a ƙasa da ya haɗe su da daɓen motar. Ya kuma zarce ya shige bayan fikafikan gaba da na baya. Gyaran gaskiya yana buƙatar a yanke ƙasan fikafikan a kai ga ƙarshensa. Mai gyaran ganin ido kuwa sai ya ɗora sabon falle a kan ruɓaɓɓen, ya shafe da fila, wato kwaɓin da ake cike ramin bodi da shi, ya fesa fenti, motar ta fito tana sheƙi alhali abin da ke riƙe da ita ya zama gari.

Ga yadda nake gwada wannan wuri. Ina fara tsayawa nesa kaɗan in dubi ratar da ke tsakanin ƙofa da bodi, daga sama har ƙasa. Idan ratar ta matse a sama ta bayan ƙofar, ta buɗe a ƙasa, motar ta fara lotsawa. Daga nan sai in nemi izinin mai ita a sa jak a inda kamfani ya tanada, a ɗaga gefe ɗaya a hankali, ƙofar tana rufe. Mota mai ƙarfi ratar ba ta motsi, ƙofar kuma tana buɗewa ta rufu kamar tana ƙasa. Idan ka ji ƙarfe yana ƙara kamar ana taka busasshen ganye, ko ƙofar ta cije, ka sauke jak ɗin, magana ta ƙare sai dai in gyaran bodi ka zo saye. Mai motar da ya hana a ɗaga ta ma ya ba ka amsa.

Bayan nan ka ɗaga shimfiɗar ƙasa ka ga daɓen da idonka, ka danna shi da babban yatsa, musamman kusa da inda ya haɗu da gefe. A bayan kujerun MGB ta wannan shekarar akwai murfi, a ƙarƙashinsa batir biyu ne masu bolt 6 kowanne. Ka buɗe ka haska tocila, domin ruwan batir yana cin ƙarfen wurin. Ka dubi inda sifirin na baya ya kama bodi, da ƙasan but, da saman cikin fikafikan gaba inda laka ke taruwa, da ƙasan ƙofofi. Akwai kuma tsagewar da ƙofar MGB ta saba yi a samanta, kusa da ɗan ƙaramin gilashin gaba. Ita ba ta kashe mota, amma tana nuna maka ko mai fentin ya gyara abin da ya tarar ko ya binne shi.

Kowace mota da inda take ɓoye cutarta. Datsun 240Z tana ruɓewa a dogayen ƙarafan da ke ƙarƙashin daɓe da ƙarƙashin mazaunin batir. TR6 a inda ƙafar baya ta kama shasi. Corvette bodinta na faiba ne, ba ya tsatsa, amma ƙarfen da ya zagaye gilashin gaba da ƙofofi a cikin faiban yana yi, kuma gyaransa sai an ɗaye bodi. Kafin ka je ganin kowace, ka nemi ƙungiyar masu irin motar ka tambaye su wuraren da ta saba ruɓewa, ka rubuta a takarda ka tafi da ita.

Sabon fenti

Sabon fenti a motar da za a sayar ba laifi ba ne, amma tambaya ce da sai an amsa: me ke ƙarƙashinsa? Wanda ya yi aikin kirki yana da hotuna na kowane mataki, tun motar tana ƙarfe tsirara, ana ganin inda aka yanka da inda aka yi walda. Ka nemi waɗannan hotunan tun kafin ka tashi. Idan babu, ka ɗauka ba a yi ba.

Ka tafi da ɗan maganaɗisu mara ƙarfi sosai, ka naɗe shi a ƙyalle don kada ya karce fenti, ka bi da shi ƙasan fikafikai da kewayen tayoyi da dokin ƙofa. Inda ya ƙi kamawa fila ce mai kauri. Bonet ɗin MGB na farko-farko na alminiyam ne, maganaɗisu ba ya kama shi ko da lafiyarsa lau, kada wannan ya ruɗe ka. Abin da ya fi maganaɗisu shi ne na'urar auna kaurin fenti, ƙarama ce, tana shiga aljihu. Fenti na asali yakan tsaya tsakanin maikiron 100 da 200 (maikiron 1,000 ne milimita ɗaya), wanda aka sake fesawa ya ɗara haka, idan kuwa ta haura 1,000 to fila kake aunawa. Ka ga motar da rana, a bushe, a waje. Ruwan sama da fitilar gareji suna ɓoye tudu da kwarin bodi. Ka tsuguna a gaba ka kalli gefen motar a tsaye, duk wani lanƙwasa zai fito. Baƙin kwalta mai kauri da aka shafe ƙarƙashin mota da shi kwanan nan shi ma abin tuhuma ne, ka ƙwanƙwasa shi da ƙotar sukudireba ka saurara: lafiyayyen ƙarfe yana amsawa da kaifi, ruɓaɓɓe amsarsa a dushe take.

Inji, da batun an gyara shi

Kalmar an gyara inji tana ɗaukar komai, daga wanda aka gundura silinda aka sa sababbin fistin da boris, har wanda aka canza wa gaskit aka wanke aka fesa wa fenti. Rasit ne ke raba gardama: wane gareji, wace rana, waɗanne kaya aka saya.

Ka ce wa mai ita kada ya tayar da motar kafin ka iso, idan ka isa ka ɗora hannu a kan injin ka tabbatar da sanyinsa. Inji mai sanyi ne ke faɗin gaskiya. Kafin a murza makulli ka buɗe murfin zuba baƙin mai: farin kumfa mai kauri a ciki yana iya nufin ruwa na haɗuwa da mai, kodayake motar da ake yi wa gajerun tafiye-tafiye kaɗai ma takan tara kaɗan. Ka leƙa lagireto ka ga ko mai na yawo a saman ruwan. Sannan ka koma bayan motar ka sa a tayar, idonka a kan salansa. Shuɗin hayaƙi mai ne ke ƙonewa. Idan a tashin farko ne kawai ko lokacin da aka ɗaga ƙafa daga totur, yawanci hanyoyin bawul ne suka sake. Idan kuwa yana fita duk sanda aka taka, ringi da silinda ne, aikin ya fi girma. Baƙin hayaƙi fetur ne ya yi yawa, sau da yawa saitin kafireta ne kawai. Farin da bai ɗauke ba bayan inji ya yi zafi ruwa ne ke shiga silinda.

Injin MGB mai lita 1.8 ne, silinda huɗu, kafireta biyu ƙirar SU, kuma yana da ɗan kas-kas na bawul ko da lafiyarsa ƙalau, wannan bai dame ni ba. Abin da ke damuna shi ne bugu mai nauyi daga ƙasa, da agogon da ke nuna ƙarfin baƙin mai. Kada ka yarda da abin da agogon ya nuna da sanyi, domin mai mai kauri yana rufa wa tsohon inji asiri. Bayan tafiyar minti ashirin ko talatin, ina son in ga allurar a kan 50 zuwa 60 idan ana gudu, kada kuma ta faɗi warwas idan an tsaya. Gwajin matsin silinda ba ya cin lokaci: a cire fulogi, a auna kowace silinda, bambancin mafi ƙarfi da mafi rauni kada ya wuce kashi 10 cikin 100. Ɗan gumin mai a jikin tsohon injin Ingila abu ne da aka saba, ɗigon da ke tara tabo a ƙasa cikin minti kaɗan kuwa aiki ne.

Abu biyu sun shafi fetur na zamani. An ƙera waɗannan injina lokacin da fetur ke da dalma, wadda ke kare mazaunin bawul, don haka ka tambaya ko an sa masu tauri a kan silinda. Sannan fetur mai gaurayen etanol yana cin tsofaffin tiyo na roba. Ka shinshina ƙarƙashin bonet da cikin but, warin fetur a tsohuwar mota ba abin ɗaga wa ƙafa ba ne, ta nan gobara ke tashi.

A kan hanya

Ka bar mai ita ya fara tuƙawa, ka zauna a gefe ka lura da abin da yake kaucewa: giyar da yake tsallakewa, ko hannun da ba ya ɗagawa daga kan sandar giya don kada ta fita da kanta. Idan ka karɓa, ka sauko daga giya ta uku zuwa ta biyu da ɗan sauri, nan ne giyabos ya fi gajiya, gurnani yana nuna ya ci. MGB tun daga 1967 duk giyoyinta huɗu na gaba suna shiga sumul, taka ba ta da uzuri. Idan tana da obadirayib, wato ƙarin giyar da ake kunnawa da maɓalli a ta uku da ta huɗu, ya shiga ya fita ba jinkiri. Ka taka totur sosai a giya ta huɗu daga ƙaramin gudu: idan ƙarar inji ta tashi gudun bai ƙaru ba, kuloci na zamewa. A miƙaƙƙiyar hanya mara kowa ka taka birki da ƙarfi ka ga ko za ta fizga gefe. Idan tayoyinta masu wayoyi ne, ƙwas ɗin da ake ji a baya lokacin ɗaga ƙafa da sake takawa yakan fito daga haƙoran da ke riƙe tayar, kuma idan sun cinye ƙarshe taya na iya kuɓucewa. Bayan an dawo ka bar ta tana aiki a tsaye minti goma, idonka a kan agogon zafi.

Kada ka auna ta da motar zamani. Sitiyarinta zai yi maka nauyi, birkin yana son ƙafa, iska da ƙara suna shigowa. Shi ya sa nake ba kowa shawara ya tuƙa wata lafiyayya irinta tukuna, don ya san mene ne halin ƙirar, mene ne kuma ciwon wannan motar.

Tayoyi kuma ka karanta shekarunsu, kada zanen da ke jikinsu ya ruɗe ka. Lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT da ke gefen tayar mako ne da shekara, 2314 na nufin mako na 23 a 2014. Idan lambobi uku ne, tun kafin 2000 aka yi tayar. Wadda ta kai shekara goma ta gama aiki ko da ba ta taɓa hawa titi ba. Ka kuma leƙa bayan dashbod da tocila. Wayoyin da aka murɗe da hannu aka naɗe da salatif, da fis ɗin da aka maye da guntun waya, suna gaya maka irin hannun da motar ta ratsa.

Takardu da lambobi

Mil 48,000 ɗin nan kada ka ɗora komai a kansa. Mitar tana da gurbi biyar ne kawai, idan ta kai 99,999 sai ta koma sifili, saboda haka yana iya zama 148,000. Abin da ke tabbatar da shi shi ne tarin tsofaffin rasit da takardun gwajin mota masu kwanan wata da adadin tafiya, suna bin juna ba giɓi. Ni ma ƙarancin tafiya ba ya burge ni. Motar da aka ajiye shekaru ba a motsa ta ba robobinta sun bushe, birkinta ya cije, tankinta ya yi tsatsa ta ciki. Wadda ake hawa a kai a kai ana kula da ita ta fi ta lafiya nesa ba kusa ba.

Ka gwada lambar shasi da ke jikin motar da ta takarda, harafi da harafi. Tsarin lamba mai gurbi 17 sai a 1981 ya zama ƙa'ida a Amurka, taka za ta fi haka gajarta. A MGB mai buɗaɗɗen sama lambar tana farawa da GHN, mai rufin ƙarfe kuma GHD, ta 1971 ya kamata ta fara da GHN5. Wannan yana da amfani domin daga ƙarshen 1974 an koma yi mata baƙaƙen bamba na roba, aka kuma ɗaga tsayinta daga ƙasa, mutane da yawa suna mayar da irin waɗannan zuwa bamba mai ƙyalli don sun fi farin jini. Ba aibu ba ne idan an faɗa maka, zamba ce idan an sayar maka da ita a matsayin tsohuwar ƙira. Gidan tarihin motocin Birtaniya da ke Gaydon yana bayar da takardar shaida daga kundin masana'anta, mai nuna ranar ƙira da launin asali, Jaguar da Porsche ma suna da irin wannan hidima ga motocinsu. Farantin lamba mai sababbin ƙusoshi, ko alamar walda a kewayen inda aka buga lambar, dalili ne na tafiya ba waiwaye. Ka tabbatar sunan da ke takarda na wanda ke sayarwa ne, kuma babu bashi a kan motar. Idan daga wata ƙasa za ka shigo da ita, ka binciki dokar shigo da tsofaffin motoci da ta ɓangaren sitiyari tun kafin ciniki, domin kowace ƙasa da tata.

Wacce za ka saya

Zaɓi uku ne a gabanka. Akwai wadda aka gama gyarawa da shaidar hotuna da rasit, akwai mai lafiyar bodi da ake hawa amma fentinta ya kwana biyu, akwai kuma wadda sai an tayar da ita daga tushe. Ga mai sayen farko, ta ukun ba taka ba ce, duk arharta. A mota irin MGB kuɗin cikakken gyara kusan kullum ya fi abin da za a saye ta bayan an gama, waɗanda ke yin sa don son aikin suke yi. Ni ta tsakiyar nake so wa mutum irinka: tsohon fenti ba ya ɓoye komai, kana ganin abin da ka saya, kana hawa kana gyara ƙananan abubuwa a hankali. Ta huɗun da ba a lissafa ba, mai sabon fenti ba shaida, ita ce mafi haɗari, kuma bayanin da ka kawo ya fi kama da ita har sai mai ita ya nuna akasin haka.

Ka yi dace da ƙirar da ka zaɓa, domin kayan gyaran MGB suna samuwa kusan duka, har sabon bodi sukutum kamfanin British Motor Heritage yake bugawa tun 1988 da injinan masana'anta na asali. Ba kowace tsohuwar mota ke da wannan gata ba. Duk da haka kada ka zuba duk abin da ka tanada a saye. Ka ware wani kaso mai kauri don shekarar farko: tayoyi, birki, tiyo, ruwan birki, batir, da abin da zai ɓullo bayan ka fara hawa. Ka kuma tanadi inda za ta kwana a bushe, da makaniken da ya san saita kafireta biyu, tun kafin ta iso.

Duk abin da na faɗa daga bayaninka na gina shi, ban ga motar ba, kuma ko wanda ya tsaya a kanta da tocila ba ya ganin cikin rufaffen ƙarfe sai ya zura ƙaramar kyamara ta wata huda. Saboda haka idan ta tsallake dubanka na farko, ka ɗauki ƙwararren da ya san MGB, wanda kai za ka biya shi, ba shi da alaƙa da mai sayarwa, ya ɗaga ta sama a gareji ya rubuta maka rahoto. Kafin nan, ka aika wa mai ita buƙata huɗu: hotunan motar kafin fenti da lokacin aikin, rasit na gyaran inji, hoton lambar shasi tare da takardar mallaka, da amincewarsa a kai ta gareji a ɗaga. Idan ya kawo su, ka sa rana ka je. Idan kuma ka ga dama ka turo mini hotunan ƙarƙashin ƙofofin da na mazaunin batir, zan gaya maka abin da na gani a ciki.